Yadda Na Kwantar da Motar Baba, da Abin da Ya Biyo Baya

Yau labarin kaina zan ba ku, ko wani matashi zai tsira daga asarar da na jawo wa gidanmu.

Mahaifina mutumin Maraɗi ne, fatauci ya kawo shi Bauchi, ya zauna a Inkil kan hanyar Gombe, nan aka haife mu. Da na gama sakandare sai ya miƙa mini makullin Golf 3 ɗinsa, ya ce in riƙa ɗauko masa kaya daga kasuwar Muda Lawal. Amana ce ya ba ni, ni kuwa na ɗauke ta abin ado.

Na riƙa ganin samari cikin gari da motoci a kwance, cikinsu kamar zai lashi kwalta, abin ya shiga raina. Na tambaya aka ce gajeren sifirin ake sawa, yana sauke mota kamar inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wasu ma na asalin suke yankewa da injin yankan ƙarfe don sauƙin kuɗi. Wannan ganganci ne, domin yankakken sifirin ba ya zama daidai a mazauninsa, yana iya gocewa idan an faɗa rami. Ni dai na tara 'yan kuɗina na sayi na hannu guda huɗu, aka ɗaura mini. Da bakaniken ya gama sai ya ce, “Ɗan Alhaji, ka ba shi 'yan kwanaki ya zauna, sannan ka kai a yi maka alaimen.” Na ce to, a raina kuwa na ce neman kuɗi ne kawai irin nasu.

Ashe gaskiya ya faɗa mini. Idan aka sauke mota, tsayuwar ƙafafunta tana canzawa. Saman tayoyin gaba yakan karkata ciki, nauyi ya koma kan gefen ciki na tayar. Bakin tayoyin kuma ya daina fuskantar gaba sak, sai su riƙa gurzar titi suna tafiya. Wannan gurzar ita ta fi cin taya. Da tayarod ake daidaita bakin, karkatar kuwa a wasu motocin sai an nemo ƙusa ta musamman. Ga kuma shokozoba, wadda aka ƙera don dogon sifirin, idan aka matse ta ba ta daɗewa take fara zubar da mai. Babu ko ɗaya da na sa a lissafina.

Wata biyu ban kai motar ba. Sitiyari ya karkace, mota na jan gefe ɗaya, ina ta dannewa. In na loda buhuna a baya, duk tudun rage gudu da na hau sai salansa ta yi ƙara, yara na yi mini dariya.

Ranar da asirina ya tonu, muna shirin tafiya Maraɗi ne hutun Sallah, bayan an sake buɗe iyaka a 2024. Hanyar ba kusa ba ce: Ningi, Kano, Katsina, Jibiya, sannan a tsallaka. Baba yana da al'adar duba mota da kansa kafin doguwar tafiya. Ya durƙusa ya zura hannu bayan tayar gaba ya shafa, sai ya kira ni ya ce, “Zo ka taɓa.” Daga waje taya lafiya lau, daga ciki kuwa ta suɗe har waya ta fara leƙowa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “A kan wannan za ka ɗauki mahaifiyarka da ƙannenka?” Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ga yadda lissafin ya ƙare: kuɗin sifirin, ladan ɗaurawa, tayoyi biyu, shokozoba biyu, ladan mayar da tsofaffin sifirin, sannan alaimen ɗin da na guje wa, wanda shi ne mafi arha a cikinsu. Kun kuma san yadda kayan mota suka yi tsada tun da aka cire tallafin mai kuma naira ta faɗi a 2023. Daga uwar kuɗin shago aka biya, ni kuma na yi watanni ina ramawa.

A hanya Baba ya ba ni labarin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ya ce abin da ya sa fatake suka so ta shi ne tsayinta daga ƙasa, tana shiga yashi da kwazazzabo da kaya a bayanta ta fito. Su tsayi suke nema, mu kuma muna biyan kuɗi a rage mana.

Ban ce kowa ya bari ba, kowa da motarsa da hanyar da yake bi. Amma in za ka yi, ka fara duba titin unguwarku da damina, ka duba kayan da kake ɗauka, ka ware kuɗin alaimen tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. Sannan ka riƙa zura hannu kana shafa cikin tayarka.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya saka wa iyayenmu da alheri. Wassalam.