Jinyar Karaya a Gidanmu na Jahun

Litinin, 9 ga Disamba, 2024

Yau da hantsi aka sallame ni daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Maƙwabcinmu ya ba da aron motarsa, aka zaunar da ni a baya, ƙafar dama a miƙe bisa matasai. Lungunmu na Jahun ba ya cin mota, don haka daga bakin titi a kan kujerar roba aka ɗauko ni, Yaya da ƙanena suna gaba, samarin unguwa biyu suna baya. Inna tana tsaye a soro. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne: «Ku bi a hankali da dakalin.»

A ƙarshen Nuwamba mota ta kwashe ni ina kan babur a hanyar Dass, wajen Yelwa. Duka ƙasusuwa biyu na ƙwauri suka karye, babban ya huda fata ya fito. Aka wanke ciwon a ɗakin tiyata, aka yi min allurar rigakafin sandarewar jiki, sannan aka kafa ƙusoshin ƙarfe a ƙashin sama da ƙasan karayar, aka haɗe su da sandar ƙarfe ta waje. Likita ya ce ƙashin ƙwauri kan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya haɗe, wanda ya huda fata kuma yakan zarce haka. Ba zan taka ƙafar ba sai ya ce.

Inna ta kwashe kayanta ta bar min ɗakinta, domin shi ne mafi kusa da makewayi.

Talata, 10 ga Disamba

A asibiti ba a cika zancen wannan ba, masu dubiya ma ba sa tambaya, amma shi ne babban lamarin mai karaya: yaya zai zagaya? Makewayin gidanmu na tsuguno ne, ni kuwa ko lanƙwasa gwiwa ba na iyawa sosai. Da asuba ƙanena ya tallabe ni, muka yi ta fama, har na ji gara in daina cin abinci. Bai ce uffan ba. Da gari ya waye ya fita, kafin azahar sai ga shi da kafinta, sun ƙera kujerar katako mai rami a tsakiya, da madafa a gefe biyu, da ɗan benci na ɗora ƙafa. Ƙanen nan nawa shi ne yaron da na goya a kafaɗa zuwa kallon hawan Sallah a ƙofar fada. Yau shi yake jira na a bayan ƙyaure da buta a hannu, yana kallon wani wajen don kada in ji nauyi.

Laraba, 11 ga Disamba

Maiɗakina mace ce da ko yankan kaza ba ta tsayawa kallo. Kafin mu baro asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita ta koya mata wankin bakin ƙusoshin: ta wanke hannu da sabulu, ta sa safar hannu, kowace ƙusa da audugarta daban, ta goge daga jikin ƙarfen zuwa waje, kada ta dawo da audugar baya. Aka ce ta lura da ja, da kumburi, da mugunya, da wari, da zazzaɓi, domin ta nan ƙwayar cuta ke samun hanya ta gangara har cikin ƙashi, in kuwa ta shiga ƙashi fitar da ita aiki ne na watanni.

Yau ta yi shi ita kaɗai. Hannunta na rawa a ƙusar farko. Da ta kai ta ƙarshe har tana yi wa yara faɗa su bar tada ƙura a tsakar gida. Ta rufe ƙafar da wankakken zane saboda hazo. Na ce mata sannu. Ta ce in bar sannun sai an cire ƙarfen.

Alhamis, 12 ga Disamba

Baffa ya iso daga ƙauye tare da wani dattijo mai ɗori. Tun ina asibiti yake aiko da saƙo cewa a fito da ni. Ya ga ƙarafan, ya kau da kai, ya ce: «Ɗana, wannan ai azaba ce. Mutumin nan gadon gidansu ne, kafin wata biyu za ka taka.»

Ba zan raina ɗori ba. Hannuna na hagu da na karya ina yaro mai ɗori ne ya gyara shi, da karare da tsumma da man shanu, ga shi nan lafiya lau. Mutane na zuwa wurinsu ne don suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, ana iya biya a hankali, kuma suna magana da mutum da harshen da yake ji. Akwai kuma tsoron da ya zauna a zukata cewa asibiti yanke ƙafa suke yi. Amma na kwanta a ɗakin masu karaya, na ga yadda abin yake. Da yawa daga waɗanda ake yanke wa sai da ɗauri ya matse jijiyoyin jini, ƙafa ta kumbura ba ta da wurin buɗawa, naman ya mutu ya yi baƙi, sannan aka kawo su. Likita ya tarar da abin da ba ya gyaruwa, sai a koma gari a ce shi ya yanke. Karayar da ƙashi ya huda fata kuma ba a rufe ta da tsumma, ko da hannun mai ɗorin ya kai hannu.

Ni ban iya faɗa wa Baffa wannan ba, ƙanen mahaifina ne, shi ya tsaya min a ɗaurin aure. Yaya ne ya ɗauko hoton ƙashin ya ɗaga shi a hasken taga, ya nuna wa dattijon. Mutumin ya daɗe yana dubawa. Sai ya juya ya ce wa Baffa: «Alhaji, wannan ba tawa ba ce. Wadda ta fasa fata ba na taɓawa. A bar masu ƙarfe su ƙarasa aikinsu.» Ya yi min addu'a ya tofa a tafin hannuna. Na ga girman mutumin nan ƙwarai, domin ya san iyakar sana'arsa kuma bai ji kunyar faɗa ba a gaban wanda ya biya masa kuɗin mota.

Baffa bai ji daɗi ba. Amma da zai tafi ya tura wani ƙunshi ƙarƙashin matashina. Daga baya Inna ta gaya min maraƙinsa ya sayar.

Juma'a, 13 ga Disamba

Ina jin huɗuba daga lasifikoki ta ko'ina, gidan ya yi tsit, maza duk sun tafi. Wannan ya fi ciwon taɓa ni. Bayan an sauko limamin masallacin unguwarmu ya shigo. Na tambaye shi batun alwala, ya ce in wanke abin da ke wankuwa, in shafa a kan bandejin inda ruwa zai cutar, ranar da ko hakan ya gagara in yi taimama. Ya tuna min babin da muka karanta a Ahalari muna yara, na matakan sallar marar lafiya, daga tsayuwa zuwa zama zuwa kwanciya a gefe. A lokacin haddarsa kawai muka yi. 'Yata babba ce yanzu mai kawo min ruwan ɗumi da roba kafin kowace salla, ba wanda ya ɗora mata, ita ta ɗaukar wa kanta.

Asabar, 14 ga Disamba

Ranar dubiya. Malaman makarantarmu, abokan Yaya daga kasuwar Muda Lawal, dangin maiɗakina, Gwaggo da tawagarta. Masa kwano-kwano da miyar taushe, lemo, kankana, farfesun ƙafar saniya wanda Gwaggo ta rantse shi ke haɗa ƙashi. Likita dai cewa ya yi in ci ƙwai da wake da kifi da nono da ganye, in sha hantsi, kuma kada a sha taba kusa da ni, don taba na jinkirta haɗewar ƙashi. Na ci farfesun, na kuma sha nonon.

Kowa ya shigo sai ya ce «Ya jiki?» in ce da sauƙi, ya ce «Allah ya sa kaffara ce.» Wasu sai sun ɗaga zanen sun ga ƙarfen, su yi salati. Kowa kuma da labarin wani da ya karye. Wajen la'asar na gaji har idona na rufewa, sai Inna ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo ita ke amsa gaisuwar, ta ce ya samu barci. Ba mai iya tsallake tsohuwa.

Lahadi, 15 ga Disamba

Yaya ya zo da littafin da yake rubuta kuɗin jinya tun daren hatsarin. Na roƙe shi ya nuna min, ya ƙi, sai da na nace. Kuɗin tiyata, na ƙarafa, na hoto, na allurai. A ɗaya shafin kuma sunayen waɗanda suka kawo: ƙanwarmu da ke aure a Gombe, ɗan Kawu da ke aiki a Fatakwal, kwasar adashin maiɗakina da ta yi niyyar sayen keken ɗinki da shi, tunkiyar Inna, karo-karon malamai. A ƙasa ya rubuta sunayen mutum uku da suka ba da jini. Ɗaya daga cikinsu ɗalibina ne na da, wanda na sha kora daga aji saboda makara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma su ji rauni. Ana ƙirga mu a wannan lissafi na biyu. Waɗanda ke shafin Yaya kuwa ba hukumar da ke ƙirga su, alhali a ƙasar da yawancin mutane daga aljihunsu suke biyan magani, su ne inshorar. Na ce masa zan biya kowa. Ya rufe littafin ya ce: «Kai dai ka warke tukuna.»

Litinin, 16 ga Disamba

Daren jiya ban runtsa ba. Sanyin hunturu ya sauko, ƙafar na zogi, zuciya na ta kawo tambayoyi: in ƙashin ya ƙi haɗewa fa, in na koma aji da ɗingishi fa, in ba na iya hawa babur kuma fa. Maiɗakina ta tashi ta ƙara min bargo, ta zauna a bakin gado har aka kira assalatu. Yau ban so ganin kowa ba, aka kuwa ƙyale ni.

Talata, 17 ga Disamba

Mai gashin ƙashi ya zo gida. Na ɗauka tausa zai yi, ashe aiki ya kawo min. In riƙa motsa yatsu da idon sawu sama da ƙasa don jini ya gudana kada ya daskare a jijiya, in matse naman cinya in saki, in lanƙwasa gwiwa gwargwadon iko. Ya auna cinyoyin biyu da hannu, ta dama har ta fara ramewa. Ya daidaita min sanduna, ya ce nauyin a tafin hannu yake, kada in rataya a hammata don akwai jijiyar da ke mutuwa in an danne ta. Ya sa ƙanena ya tsaya ta bayana yana riƙe da ɗamarar da aka ɗaura min a ƙugu. Daga gado zuwa ƙofa na jiƙe da gumi a cikin wannan sanyi.

Laraba, 18 ga Disamba

Ɗan Yaya da ke karatu a jami'a ya zauna yana karanta min tarihin irin wannan ƙarfe a wayarsa. Wani likita, Gavriil Ilizarov, a garin Kurgan na Rasha, shi ya shahara da nau'in mai zobba tun shekarun 1950, har ya gano ana iya jan ƙashi a hankali, kimanin milimita 1 a rana, sabo ya riƙa tsirowa a tsakani. Nawa miƙaƙƙe ne, ba mai zobba ba, amma jin haka ya kwantar min da hankali. Ƙashi abu ne mai rai, aikinsa yake yi ko ina barci.

Ƙanwar maiɗakina ta farke wandunana biyu ta gefen dama ta sa musu maɓallai. Tun ranar hatsarin sai yau na sa wando.

Alhamis, 19 ga Disamba

Mun koma ganin likita. Ya duba bakin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wa ke wankewa, aka nuna masa maiɗakina, ya ce ta ci gaba yadda take yi. Ya ce sai hoton wata mai zuwa zai nuna ko sabon ƙashi ya fara taruwa. Yaya ya tambaye shi ko mu tafi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tunda tun 1959 suke wannan aiki. Ya ce a yanzu babu buƙata, in ta taso shi da kansa zai rubuta mana takarda.

Na sa aka tura ni ɗakin da na kwanta. Yaron da ke gadon kusa da nawa yana nan, ɗan ci-rani ne mai tura baro, tifa ta taka shi, danginsa suna nesa. Lokacin da nake can Inna kwano biyu take zubawa. Na tarar ashe ba ta daina ba, ƙanena ke kai masa kowace yamma bayan ya tashi daga shago, ba wanda ya gaya min.

Juma'a, 20 ga Disamba

Da sanduna na kai soro da kaina, ƙanena na biye. Aka sa min kujera da benci, masu dawowa daga masallaci suka riƙa tsayawa muna gaisawa. Da daddare Yaya ya tara gida aka sake rabon aiki, saboda shagon ƙanena ya fara jin rashinsa. Ɗan Yaya zai karɓi safiya tunda sun samu hutu, ƙanena ya riƙe dare, ranar asibiti kuma ta Yaya ce. Maiɗakina ta ce wankin ƙusa ba ta ba kowa. Ni kuma aka ba ni nawa: takardun jarrabawar zangon farko da shugaban makaranta ya aiko, gobe zan fara makin na 'yan aji uku.