Ɗaki tukuna, kana talotalo

A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, ga albashi yana yin watanni bai fito ba, ma'aikata da dama cikin jihar Maraɗi sun juya ga kiwo domin rufin asiri. Daga cikinsu akwai wani mushen lakwal a Tasawa, wanda ya tattara ɗan abin da ya ajiye ya sayi talotalo, namiji ɗaya da mata uku, da niyyar sayar da ƴaƴansu ƙarshen shekara, sa'ad da masu bukin Nowel ke nemansu a Maraɗi da Yamai. Ya kafa musu rumfar kwano, ya zuba su cikin kaji, a ganinsa ai tsuntsu duk tsuntsu ne.

Kwana 28 matan suka yi bisa ƙwai kafin su ƙyanƙyashe. Ruwan farko ya sauka da dare, iska ta koro shi daga gabas har cikin rumfar, gari na wayewa rabin ƴan tsakin sun mutu. Waɗanda suka rage kuwa suka kama zawo mai ruwan ɗorawa, suna sakin fukafukai, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Likitan dabbobi da ya zo bai ko buɗe jakarsa ba, sai ya nuna rumfar ya ce: "Mushe, ga ciwonka nan."

Talotalo baƙo ne. Asalinsa ƙasar Meksiko, mutanen Sipaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Babbansa yana da juriya, amma ɗansa a makwannin farko sanyi da jiƙa ke kashe shi, yana bukatar ɗumi na wajen digiri 35 a makonsa na fari. Bayan haka akwai wata cuta ta hanta da hanji wadda kaza ke yawo da ita ba tare da ta kwanta ba, tana zubar da ita cikin kashinta; talotalon da ya yi tsince a wurin, shi ke biyan bashin.

Mushe bai yi zuciya ba. Ya koma ƙauyen iyayensa cikin ƙasar Mayahi, bakin Gulbin Kaba, inda goruba ta wadata, ya samo kaba da itace. Ya zaɓi tudu nesa da akurkin kaji, ƙarƙashin gawo, itacen da ke riƙe ganye da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya kaɗe shi da damina har rana ta busar da ƙasa. Ya tada katangar laka daidai ƙugu, sama ya sa waya don iska ta ratsa, ya yi jinka maimakon kwano. Ƙofa ya maida ta kudu, ta ba ruwan gabas da hunturun arewa baya. Kowane babba ya ba shi filin kimanin metir ɗaya a murabba'i, ya gitta musu itacen hawa, tun da talotalo ba ya son kwana ƙasa. Daɓen ya shimfiɗe shi da ɓawon gyaɗa, yana sakewa da zarar ya jiƙe. Gefe guda ya tara toka da rairayi inda za su yi birgima su kakkaɓe ƙwarƙwata. Ƴan tsaki ya keɓe musu ɗaki rufaffe da fitilar ƙwai, ya toshe duk ramin da gafiya ko maciji zai bi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin sanyi ya kama, lokacin annobar kaji, yakan kai su rigakafi.

Shekarar da ta biyo, kuɗin talotalo ne suka sayi hatsin gidan.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya zo masa neman iri, ba ya fara da maganar farashi. Sai ya tambaye shi: "Alhaji, ina ɗakin?" In babu amsa, ya ce masa ya je ya gina, tsuntsayen suna nan suna jiransa.