Ranar da aka sace wa Kawu "Indomie"

Abin da za mu ba ku labari yau da mu ya faru a hutun daminar bara, kuma da namu laifin a ciki.

Mu biyu ne 'yan jami'a a gidanmu da ke Batsari, tare muke tafiya, tare muke dawowa hutu. Kawunmu malamin makaranta ne a Safana, ranar Juma'a da yamma yake zuwa gida. Ya yi shekaru yana zubin adashi kafin ya sayi wata Corolla 'yar Kwatano. Sunan motar dai tasa ce, amma ta duk layinmu ce. In naƙuda ta kama mace cikin dare, ko maciji ya sari wani a gona, ƙofar Kawu ake bugawa. Gidanmu ginin da ne, mota ba ta shiga, don haka a ƙofar gida take kwana, gindin darbejiya.

Wani daren Asabar aka kwana ana sheƙa ruwa, kwanon rufi na ta kuka, ba mai jin motsin waje. Da safe Kawu ya murɗa makulli, sai motar ta saki wata irin ƙara kamar injin niƙa ya ƙwace. Kaji suka watse, maƙwabta suka firfito. Aka kira bakanike, ya shimfiɗa buhu ya leƙa ƙarƙashi, ya fito yana kaɗe riga.

"Malam, sai haƙuri," in ji shi. "An yanke maka Indomie."

Muka tuntsire da dariya, don mu a saninmu Indomie taliyar da mai shayi ke dafa mana ce. Da muka ga fuskar Kawu, sai dariyar ta koma ciki.

Abin da kanikawa ke kira Indomie wata 'yar tukunya ce ta ƙarfe da ke jikin bututun salansa, tsakanin inji da wutsiyar mota. Matatar hayaƙi ce. In aka fasa ta, za a ga wani tangaran mai ƙananan ramuka bila adadin kamar saƙar zuma, wanda ke kama da dunƙulen taliya kafin a jefa shi a ruwa. Daga nan sunan ya samo asali. Wani injiniya ɗan Faransa mai suna Eugène Houdry na cikin waɗanda suka fara ƙirƙiro ta, kuma daga shekarar 1975 akasarin sababbin motoci a Amurka suka fara fitowa da ita.

Aikinta babba ne. Hayaƙin inji na ɗauke da guba, ciki har da kabon monoksaid, iskar nan marar wari da ke kashe mutane in suka kwana da janareta a ɗaki. An shafe ramukan tangaran ɗin da wasu ƙarafa uku masu daraja: filatinom, faladiyom da rodiyom. In hayaƙi mai zafi ya ratsa ta cikinsu, sai yawancin gubar ta rikiɗe ta koma iskar da ba ta kai ta farko illa ba, da tururin ruwa. Ku 'yan ajin kimiyya kun san irin wannan sinadari: yana hanzarta canji, shi kuwa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Shi ya sa ko mota ta tsufa, ƙarafan na nan a cikinta.

Nauyinsu duka bai wuce 'yan giram kaɗan ba, amma tsada gare su. Mafi yawan filatinom da rodiyom na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, Rasha kuma na kan gaba wajen faladiyom. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya ta rodiyom, wato kimanin giram 31, ya kusa dala 30,000, alhali ozar zinare a lokacin ba ta kai dala 2,000 ba. To, ga abu mai wannan daraja rataye a ƙarƙashin mota, ba kwaɗo ba makulli, mai zarto zai raba shi da ita cikin 'yan mintoci.

Da bakanike ya faɗi kuɗin wata, sai Kawu ya yi shiru, don sun haura albashinsa na wata. Ƙarshenta mai walda ne ya jona masa bututu a gurbin. Ƙarar ta ragu, amma har yau in an tada motar sai warin ɗanyen hayaƙi ya cika ƙofar gida, daidai inda ƙannenmu ke wasan langa.

Kafin a je ga mai walda kuwa, wani abu ya faru wanda ya fi satar tsaya mana a rai. Akwai wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha huɗu da ke yawon gwangwan a unguwarmu. Iyayensa 'yan gudun hijira ne, 'yan bindiga suka taso su daga ƙauyensu na bakin dajin Rugu. Tsautsayi ya biyo da shi layinmu da buhunsa a wannan safiya. Wani ya ce, "Ga shi nan, su ne!" Kafin ka ce me, an zazzage buhun, an shaƙe masa wuyan riga. Ba komai a ciki sai gwangwanayen madara da tsohon murfin tukunya. Duk da haka mari ya fara sauka, wani ma ya ruga ɗauko icce.

Mu kuwa muna tsaye, gabanmu na faɗuwa, domin mun tuna wani abu. Kwana uku kafin nan, muna zaune wajen mai shayi, wani baƙo mai tsabta da agogo mai kyau ya zauna kusa da mu. Ya biya mana shayi da ƙwai, aka shiga hirar motoci. Ya ce ai duk motocin garin nan kanikawa sun riga sun ƙwaƙule su. Mu kuma don burga muka ce ƙarya ne, ta Kawunmu yadda ta zo daga Kwatano haka take, ba a taɓa taɓa salansarta ba. Har muka gaya masa ranar da Kawu ke dawowa da inda take kwana.

Duk ɗan Batsari ko Safana ya san nauyin kalmar "infoma". Mun tashi muna jin ana tsine wa masu tsegunta wa ɓarayin daji inda shanu suke da wanda ya sayar da amfanin gona. Ba mu taɓa zaton mutum zai iya zama infoma a kan kofin shayi, ba tare da ya sani ba.

Mun yi kusan minti biyu muna kallon ana dukan yaron, kunya ta ɗaure mana baki. Allah ya taimake mu muka ratsa taron muka durƙusa gaban Kawu da mai unguwa, muka ce, "Ranka ya daɗe, a saki yaron nan. Akwai maganar da ba mu faɗa ba." Muka kwashe komai muka faɗa. Aka sake shi leɓensa na jini. Kawu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ku je ku kai shi a duba shi, da kuɗinku. Sannan ku raka shi gida ku ba mahaifiyarsa haƙuri." Tafiyar nan zuwa kangon da suke zaune ta fi mana bulala ciwo. An kai rahoto wajen 'yan sanda, amma baƙon ba a sake ganinsa ba.

Tun daga ranar muke tunanin hanyar da wannan 'yar tukunya ta bi. Wanda ya kwanta cikin taɓo ya yanke ta ba zai iya fitar da rodiyom ko na ƙwayar gero ba, wannan aikin manyan masana'antu ne. Zai kai wa dillali ne a ba shi ɗan abin da aka ga dama, dillali ya tura wa wani a babban birni, a tara a yi gaba da su. A watan Nuwamba na 2022 hukumomin Amurka sun gurfanar da mutum 21 kan irin wannan harka, kuma dukiyar da suka nemi ƙwacewa ta haura dala miliyan 500. Mai zarto shi ke fuskantar duka da gidan yari, mai sikeli shi ke cin riba. Da ba mai saye, da ba wanda zai shiga ƙarƙashin mota cikin ruwan sama.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a yankinmu. A 2021, lokacin da satar shanu da hare-hare suka yi ƙamari, gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Batsari da Safana, ta kuma hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. Mutanen kirki sun ji jiki, amma manufar ita ce a toshe wa ɓarawo inda zai sayar. Sana'ar gwangwan kanta halal ce, tana ciyar da gidaje da yawa. Mai karɓar kayan da ya san na sata ne shi ke ɓata ta, kuma dokar ƙasa da ta addini duk sun kama shi.

Ƙannenmu, satar nan tana bukatar matasa irinmu a wurare uku: mai ba da labari, mai gadin hanya, da mai saye. Don haka in baƙo ya cika tambaya kan dukiyar gidanku, ku kama bakinku ku sanar da manya. In aka ce ku tsaya bakin layi ku yi fito in kun ga mutum, a ba ku na kati, ku sani an sa ku cikin sata. In aka tallata muku waya ko batir ko fanel ɗin sola a rabin kuɗinsa, ba rasit ba bayani, ku bar shi, wani na can yana kuka. In akwai mota a gidanku, ku ba da shawara a riƙa ajiye ta inda ke da haske, a sa mai walda ya yi wa tukunyar shinge da rodi, a kuma leƙa ƙarƙashinta kafin a bar ta a gareji da bayan an karɓo ta. In kuwa aka kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Mun ga yadda taro ke hukunta wanda ya fi kowa rauni.

Yaron nan yanzu in ya biyo layinmu, Inna kan ajiye masa gwangwanaye a bayan ƙyaure. Yana gaishe mu, mu amsa, amma har yau ba ma iya haɗa ido da shi sosai. Allah ya tsare mana harsunanmu, ya ba yankinmu zaman lafiya.