Neman fim ɗin yaƙi a kasuwar Farm Centre

Duk wanda ya fara shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni a Kano, hayaniya ce ke tarbarsa: masu gyaran waya jere a ƙarƙashin laima, yara na tallan caja, janareta na ruri ta ko'ina. Da la'asar kuwa sai an yi ta kutsawa. Can cikin lungu na sami wani ɗan shagon masu tura fim, benci ɗaya da kwamfuta biyu. Mutum shida na tarar, kowa riƙe da waya ko fulash yana jiran layi. Naira 100 ake tura fim ɗaya, mai dogon zango kuma sai an yi ciniki.

Yawanci indiya-hausa suke nema, ko na Turkiyya mai fassara, kuma da sunan jarumi suke tambaya. Da layi ya zo kaina na ce irin 1917 nake so, na Sam Mendes, wanda ya fito a 2019. Yadda aka ɗauke shi ne ya kama ni: kyamara na biye da sojoji biyu cikin ramuka da laka kamar ba a taɓa yanke ɗaukar ba. Mai ɗaukar hoton, Roger Deakins, ya ci kyautar Oscar a kansa.

Matashin da ke kan kwamfutar bai tambaye ni wane ne wannan ba. Ya ce, "Yallaɓai, ai masu ƙarancin magana kake nufi. Ba su cika tafiya ba." Ya buɗe wata ma'ajiya da ya ware musu daban.

Dunkirk ya fara nuna mini, na Christopher Nolan, na 2017, kan kwashe sojoji sama da 300,000 daga gaɓar tekun Faransa a 1940. Ya ja shi zuwa inda sojoji ke tsaye a layi kan farin yashi, jirgin sama na tahowa, kowa ya duƙa lokaci guda. Babu mai cewa uffan. Sai Saving Private Ryan na 1998, inda kyamara ke rawa a hannu, launi ya koɗe, ruwa da jini na fantsamowa a gilashinta. Wani dattijo da ke gefe ya leƙo ya ce shi dai a ba shi Umar Mukhtar, wato Lion of the Desert na Moustapha Akkad. Ya yi gaskiya, domin dawakai a sararin hamada a fim ɗin abin kallo ne har yau.

Na tambayi Come and See, na Elem Klimov, na 1985, wanda ke tsayar da kyamara a fuskar wani yaro a Belarus har sai ka ga yaƙi ya tsufar da shi. Babu shi, amma matashin ya rubuta sunan a bayan kwalin caja, ya ce zai nemo.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin allon waya da za a kalli waɗannan finafinai a kai, don manyan majigi aka yi su. Na gaya masa haka. Ya ce in sa abin ji a kunne biyu, in kashe fitila, kuma kada in yarda a tura mini wanda aka matse ya zama ƙarami, don a wuraren duhu hoton ke fara wargajewa. Ya tura mini guda uku masu nauyi, na biya Naira 300.