Taliyar Da Na Ci A Ƙasar Sin

Yau labarin yunwa zan ba ku, da yadda taliya ta fid da ni kunya.

A shekarar 1916 ba a ko haifi kakata ba, amma ashe tun 1915 wani Musulmi mai suna Ma Baozi ya fara sayar da taliyar romon naman sa a birnin Lanzu na ƙasar Sin. Ni kuwa sai a 2016 na san da ita, da na raka maigida sarin kaya birnin Gwangzu.

Kafin mu tashi mata sun cika mini kunne, wai mutanen can ba abin da ba su ci. Saboda haka na ɗaure kilishi da garin rogo a ƙasan akwati. Kwana uku ban sa kome a baki ba sai su da shayi. Ran na huɗu jiri ya ɗebe ni a tsakiyar kasuwa, sai da na dafa bango. Wani ɗalibi ɗan Kano da ke yi mana tafinta ya ce, "Hajiya, kada ki kashe kanki. Zo ki ga 'yan'uwanki Musulmi."

Ya kai mu wata 'yar rumfa a unguwar Shiyawbe, inda baƙaƙen fata suka fi yawa. Tebur biyar ne ko shida, an rubuta halal da Larabci bisa ƙofa. Mai gidan da farar hula, matarsa da lulluɓi. Mutanen Hui ne, watau Musulmin Sin. Na yi sallama, matar ta amsa. Nan fa gabana ya daina faɗuwa.

To, ku saurari abin mamaki. Taliyar ba a shanya ta, ba a kuwa sa ta a inji. Wani saurayi ya yanko curin kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya ja ta iyakar buɗin hannuwansa, ya ninka, ya sake ja. Kowane ninki sili ya ruɓanya. Ninki 7, sili 128 ke nan, ɗalibai ku lissafa ku gani. Kafin in gyara mayafi ya jefa ta a tukunya. Tafinta ya ce a kan sa wa kwaɓin ruwan tokar wata ciyawa don ya yi danƙo. Na ce ashe su ma sun san aikin toka da kanwa. Har tambayarki za a yi kaurin da ki ke so, daga mai sirantar gashi zuwa mai faɗin ɗamara.

Aka kawo ta cikin romo garai-garai, da yankan nama, da koren ganye, da jan man barkono yana yawo a kai. Maigida ya zaɓi ta lardin Shanshi, wadda a ke fere curin da wuƙa yana faɗawa cikin tafasasshen ruwa. Na ɗanɗana, ta yi mini tauri. Ta Shinjiyan, mai miyar tumatir da tattasai da naman rago, ita ce ta fi kusa da girkinmu.

Sai ga tsinkaye biyu a maimakon cokali. Na kama, ta zame. Na sake, romo ya fantsamar mini a sabon leshi. Matar ta yi dariya, ta zo ta riƙe yatsuna tana gyara mini kamar mai koya wa yaro rubutu. Na cinye, na ɗaga kwanon na shanye romon, ba ruwana da masu kallo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohuwata. Shekara da shekaru tana murza taliyar alkama da hannu, tana shanyawa a igiya, mu ci da mai da yaji. Da na yi aure na raina ta, sai ta leda. Ga shi na ƙetare teku ina yaba hannun wani.

Da na komo na gwada ja da 'yar kanwa, kwaɓin ya yi ta tsinkewa har na ɓata fulawa mudu guda. Ran Juma'a na ɗauki sauran na nufi gidanmu. Inna ta dube ni, ta dubi fulawar, ta ce in wanke hannu in jawo tabarma.