Kunya da Ƙarin Girma a Wurin Aiki

Tun muna yara aka hore mu da cewa ɗan kirki ba ya roƙa wa kansa, sai dai a gani a ba shi. Wannan tarbiyya tana da kyau a zaure, amma a ganina takan cuci ma'aikaci a ofis, musamman a sha'anin ƙarin girma.

A aikin gwamnatin Nijeriya, tun bayan rahoton Udoji na 1974, an jera ma'aikata a matakai daga na 1 zuwa na 17. Kowane mataki da shekarun da za a yi a kansa kafin a duba mutum. To, amma cikar shekaru kaɗai ba ta isa ba, gama gurabe ba su kai yawan masu jira ba. Ranar zaɓe fayil ne ke magana, watau wane kwas ka yi, wane aiki mai wuya aka ɗora maka ka sauke.

Irin wannan dama kuwa ba a raba ta kamar goro. Na san waɗansu abokai biyu da aka ɗauka aiki rana ɗaya. Ɗayan ya sami shugabansa cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a tura ni kwas, in na dawo zan ɗauki aikin kasafin kuɗi da kowa ke gudu." Ɗayan ya yi kawaici yana jira a tuna da shi. Bayan 'yan shekaru na farkon ne ke sa hannu a takardar hutun na biyun.

Masana sun lura da haka. A 1993 Bateman da Crant na Amurka suka bayyana halin mutumin da ba ya jiran umarni kafin ya gyara abu. A 1999 Seibert da abokansa suka gano cewa masu wannan hali sun fi samun ƙarin girma da albashi. Dalili a fili yake: wanda ya nemi horo ya ƙaru da gwaninta, ya kuma nuna wa shugaba inda ya dosa.

Sai dai akwai haɗari. In a ɓoye ake ƙulla irin wannan yarjejeniya, sai ta zama ta mai uwa a gindin murhu, zukata su ɓaci. Wajibin shugaba ne ya sanar da kowa cewa ƙofar a buɗe take.

Mu kuwa ɗalibai, gobe mu ne a ofisoshin nan. Mu riƙe kunyarmu a kan dukiyar jama'a, amma neman ilmi kam a buɗe baki a yi shi.