Ranar wanka a wani gida na Tumur

A karkarar jihar Difa ba a rataya allo a ƙofa a ce ga gida na sayarwa. Mai gida yakan raɗa wa dillali, dillali ya raɗa wa mai shayi, kafin Juma'a ta zagayo gari duka ya ji, amma kowa ya yi kamar bai ji ba. Dalili kuwa shi ne wanda ya sa gidan ubansa a kasuwa, ko da larura ce ta tilasta masa, kallon da ake yi masa shi ne na mutumin da ya yi cinikin wurin da aka binne cibiyarsa.

Da irin wannan raɗa ne wani tsohon malamin lekol, wanda duk Tumur ke kira Mushe, ya fara a hunturun 2023. Gidan na laka ne, ɗaki huɗu da zaure, da bedi guda a tsakar gida wanda mahaifinsa ya dasa. Shi da iyalinsa sun bar shi tun ƙarshen 2020, suka kama haya a Difa. Mahaifiyarsa ce ta ƙi tashi, ta ce ƙafarta ta gama tafiya, ta zauna ita da wata jika har Allah ya yi mata rasuwa da damina. Ƙannensa mata biyu na jiran rabonsu na gado, mai gidan haya ya yi ƙari, kuɗin fansho kuwa ba su san an yi ƙari ba. Abin da Mushe ke so bai wuce ya sami na sayen ɗan fili a gefen Difa ba, inda zai kafa ko da rumfa ce ya ce tasa ce.

Wanda bai san garin ba zai yi mamakin a ce akwai mai sayen gida a Tumur. Akwai, domin garin ya cika ya batse da baƙi. Lokacin da Boko Haram ta auka wa Boso ranar 3 ga Yunin 2016, kimanin mutum 50,000 ne suka tsere, akasarinsu suka yo yamma a ƙafa, tafiyar kilomita 30, suka zube a Tumur. Waɗansu sun wuce gaba, waɗansu sun koma, da yawa kuma suka zauna cikin bukkokin zana da leda shekara da shekaru. Sannan a daren 12 ga Disamban 2020, jajiberin zaɓen ƙananan hukumomi, aka auka wa Tumur ɗin kanta: aƙalla mutum 27 suka rasu, kasuwa ta ƙone, gidaje tsakanin 800 zuwa 1000 suka zama toka. Saboda haka gidan laka mai rufi a tsaye abin nema ne. Sai dai masu neman ba su da kuɗi sosai, tun da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta daɗe tana riƙe da cinikin kifi da na tattasai, waɗanda su ne arzikin bakin Komadugu.

Dillalin ya zo da hantsi, ya zagaya gidan hannu a baya kamar sufeton lekol, sannan ya zauna gindin bedi ya jero sharuɗɗansa. A kwashe awaki a kai gidan maƙwabta, a tone turakunsu, a kankare kashin. A zubo sabon rairayi a baje a tsakar gida. A yi wa zaure yaɓe, a shafa farar ƙasa. A fitar da tarkacen tsohuwa gaba ɗaya, domin ɗakin da ba kaya ya fi faɗi a ido. A sa turaren wuta tun dare, saboda warin jemage. Kada a kawo mai saye da tsakar rana, sai bayan la'asar, lokacin da inuwar bedi ta rufe tsakar gida. Daga ƙarshe ya nuna ɓarakar da ke katangar baya, wadda aka kare da tsohuwar zana, ya ce: "Wannan kuma, Mushe, a toshe ta da tubali. Ba mai sayen gida mai ƙofa biyu, ɓarawo ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya."

Mutumin nan bai taɓa taka aji ba, amma abin da ya faɗa shi ne abin da ake biyan ƙwararru su faɗa a Amurka da Faransa, inda gyaran gida domin idon mai saye ya zama sana'a mai zaman kanta. Can ma cewa suke yi a sauke hotunan iyali daga bango, don baƙo ya iya hango kansa a cikin ɗakin. Hikimar ɗaya ce ko'ina: sai an kori mai gida daga gidansa kafin wani ya yi sha'awarsa.

Kwana tara aka yi ana wannan kora. Fitar da awaki da zuba rairayi ba su ɗauki wuni biyu ba. Ɗakin tsohuwa ne ya ci lokaci. An sami ƙorai guda goma sha ɗaya a kife cikin juna, kowace da ɗinkin da ta sha; da tasoshin aurenta; da wani ƙunshin tsumma mai ɗauke da katin rabon abinci na shekaru daban-daban, ta adana su kamar takardun gona. Uwargidan Mushe takan ɗauki abu ta ce a zubar, ta kai bakin ƙofa, ta komo da shi. A bangon zaure kuma, daidai tsayin gwiwa, akwai baƙaƙen boko da Mushe ya rubuta da gawayi shekaru talatin da suka wuce yana koya wa ɗansa na fari, a ƙarƙashinsu ga na yaron, karkatattu, harafin S ya juya baya. Magini ya tsaya da buhun farar ƙasa yana jiran izini. Mushe ya ce masa ya shafe, ya fita waje ya daɗe yana duban wani abu a kan hanya.

Duk wannan kwalliya ce, kuma ba wanda ya ce kwalliya haramun ce. Ko akuya za a kai kasuwa sai an ba ta dusa. Inda magana ta tsaya shi ne ɗakin arewa. Shi ne wutar 2020 ta lasa. An sake masa rufi daga baya, amma bangonsa ya gasu, ya tsage daga sama har ƙasa, kuma ɗaya daga cikin itatuwan gorubar da ke ɗauke da rufin ya ci wuta ta ciki, aka mai da shi haka nan don babu na sayen wani. Dillali ya ce yaɓe biyu da farar ƙasa sun isa, ba mai ganewa sai bayan damina biyu. Uwargida ta goyi bayansa, kuma ba don rashin tsoron Allah ba. "Malam," ta ce, "wa ya gaya mana aibin gidan da muke haya kafin mu shiga? Jikka ɗari za a rage maka saboda bangon nan, jikka ɗarin nan kuwa ita ce kwanon rufinmu a Difa."

Mushe ya san abin da littattafai suka ce. Ya karanta Risala a zauren nan tun yana yaro, ya san babin ciniki ya haramta ɓoye aibin abin sayarwa. Ya kuma san dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, inda aya ta 1641 ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi. Malaman Ƙairawan da lauyoyin Faris ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, a nan sun haɗu. Amma ba alƙali ne ya hana shi barci ba, don ya san ba wanda zai kai ƙarar bangon laka kotun Difa. Abin da ya tsaya masa shi ne ɗakin arewa ɗakin yara ne, kuma duk wanda ya sayi gidan nan yaransa zai sa a ciki. Ya yi wa dillali rabin biyayya: ya bar magini ya toshe ɓarakar baya, ɗakin arewa kuwa ya ce a share kawai, a bar baƙin kunkunniya yadda yake. Dillali ya kaɗa kai ya ce la'adarsa ce ake ƙonawa karo na biyu.

Mai saye na farko wani ɗan kasuwa ne da ke neman wurin ajiyar buhuna. Ya yaba inuwa, ya yaba rairayi, ya leƙa ɗakin arewa, ya yi tayin da ko kuɗin itacen rufin bai kai ba. Aka ce masa albarka. Uwargida ba ta ce uffan ba a daren nan, shirun nata kuwa ya fi faɗa nauyi.

Na biyun ya zo bayan kwana biyar, shi ma bayan la'asar. Dattijo ne Babarbare, mutumin Malam Fatori, wanda ya ƙetaro Komadugu a 2014 ya zauna Boso, ya baro Boso a 2016, bukkarsa ta ƙone a Tumur a 2020. Ya tara ɗan abin da ya tara da kiwon awaki da dillancin tattasai. Bai dubi farar ƙasar zaure ba, bai ce komi ba game da ƙamshin turare. Da suka shiga ɗakin arewa, Mushe ya fara bayani da Hausar makaranta, yana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga tsaga, ga itacen da ya ci wuta. Dattijon ya ƙwanƙwasa itacen da sandarsa, ya saurari ƙarar, ya ce wannan zai kai damina ɗaya, bayan nan sai a sake. Ya ga irinsa da yawa. Sannan ya juyo ya yi tambayar da ba ta cikin lissafin dillali.

"Malam, a daren nan, ta ina kuka fita?"

Mushe ya yi shiru. Sai ya ja shi bayan ɗakuna, ya nuna masa wurin da sabon tubali bai gama bushewa ba. Nan ne ya fasa da taɓarya a daren, ya tura yara ɗaya bayan ɗaya, ya goyo mahaifiyarsa, suka bi ta cikin ƙaya har suka yi nisa da hasken wutar. Dattijon ya dafa danshin bangon, ya tambayi ina hanyar ta ɓulla, ko akwai rami, ko mace mai goyo za ta iya bi da duhu. Ya ce tun da ya shigo yake neman ƙofa ta biyu bai gani ba, har ya yanke shawarar ba zai saya ba.

An yi ciniki kafin magariba. An rage wani abu saboda itacen rufi, bai kai jikka ɗari ba. Aka sa ranar zuwa gaban mai gari da shaidu, da ƙannen Mushe biyu, don a rubuta takardar sayarwa, rabin kuɗin a sefa, rabi a naira, kamar yadda aka saba a wannan yanki. Dattijon ya ƙara sharaɗi guda, ya ce wanda ya toshe shi zai buɗe, ba zai biya magini a kan aikin da bai sa ba.

Washegari da sassafe, kafin motar Difa ta cika, maƙwabta suka ji ana dukan bango. Mushe ne da aron diga, yana cire tubalan da ya biya aka jera kwanaki kaɗan da suka wuce, uwargida na karɓa tana tarawa gefe ɗaya, waɗanda ba su fashe ba daban, don mai gidan zai buƙace su wajen gyaran ɗakin arewa.